Inda Haske Biyu Suka Haɗu Suka Yi Duhu: Nazarin Wani Gwaji a Ajin Fiziks a Katsina

Na yi shekaru ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a cikin birnin Katsina. Duk shekara idan muka iso babin igiyoyi a aji biyar, abu ɗaya nake yi: in zana tsaga biyu a allo, in ja layuka masu lanƙwasa daga kowace, in rubuta lissafin a ƙasa, ɗalibai su kwafa. Sukan haddace shi tsaf, su kuma amsa tambayarsa a jarrabawa. Ni kaina haka aka koya mini, kuma har na fara koyarwa ban taɓa ganin abin da idona ba. Wannan rubutu bayani ne na abin da ya faru a makonni uku na wani watan Janairu, cikin tsananin hunturu, lokacin da wata ɗaliba ta ƙi yarda da zanen allo.

Na gama cewa idan haske ya fito daga wuri biyu ya haɗu, akwai inda zai ƙarfafa juna, akwai inda zai kashe juna a sami duhu, sai ta ɗaga hannu daga layin baya.

"Malam, a gidanmu idan an ɗauke wuta mukan kunna tocila biyu a ɗaki ɗaya. Ban taɓa ganin ratsin duhu a bango ba. Ƙara haske kawai ake yi."

Aji ya yi tsit. Gaskiya ta faɗa, kuma kowa a ajin ya san gaskiya ce. Na ce mata littafi bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi ƙarya ba, a ba ni mako ɗaya mu gwada.

Gwaji biyu da ba su yi ba

Ɗakin gwajinmu ba shi da kayan wannan aiki. Akwai dai wani dattijo mai kula da ɗakin, wanda kowa ke kira Baba, da akwatunan tsofaffin kaya da ya san inda kowane yake. Mun fara da abin da yarinyar ta faɗa. Muka huda kwali wuri biyu da ƙusa, muka rufe tagogi da tabarmi, muka haska tocilan waya biyu ta bayan kwalin. A bango muka ga da'irar haske biyu, inda suka hau kan juna ya fi haske. Babu ratsi ko ɗaya. Da aka kashe tocila ɗaya, da'irarta ta ɓace, ɗayar tana nan yadda take.

Wannan ba sabon gani ba ne. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alkahira wajen 1040, ya bayyana irin wannan gwaji a littafinsa Kitabul Manazir: ya jera fitilu a gaban wata kafa da ke buɗewa zuwa wuri mai duhu, ya ga kowace fitila ta yi nata tabon haske a bango, idan ya kare ɗaya tabonta kaɗai ke gushewa. Ya fahimci cewa haskoki suna ratsa juna a cikin kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba. Na faɗa wa ɗaliban haka, domin su san abin da suka gani daidai ne, an kuma rubuta shi shekara dubu da ta wuce.

Kashegari na shiga kasuwa wajen masu sayar da kayan waya na sayo ƙaramar leza ja, irin mai kama da biro da yara ke wasa da ita. A jikinta an rubuta tsawon zangonta, wato nisan da ke tsakanin tudun igiyar haskenta da tudu na gaba, nanomita 650 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Na yanka tsaga biyu a kwali da reza, tsakaninsu kamar milimita 2, na kafa kwalin mita ɗaya daga bango. Nan ma ba a sami komai ba sai ɗigon ja mai ɗan gashi-gashi a gefe. Wani lokaci ma hasken tsaga ɗaya yake bi, domin kaurinsa bai kai ya rufe biyun ba. Ɗalibai suka fara surutu, na ga alamar sun yanke hukunci cewa abin na littafi ne kawai.

A daren nan na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Tazarar da ke tsakanin ratsin haske da na kusa da shi ana samunta ne idan aka ninka tsawon zango da nisan bango, aka raba da tazarar da ke tsakanin tsaga biyun. Nanomita 650, sau mita 1, a raba da milimita 2, ya ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita. Ko da ratsin ya fito, ido ba zai raba shi daga nesa ba. Lissafin da nake rubuta wa yara shekara da shekaru shi ne ya gaya mini laifina: tsagar ta yi nisa da juna, bangon kuma ya yi kusa.

Daro da ƙusa biyu

Kafin mu koma kan haske na ga ya dace su ga abin a wurin da ido ke iya bin sa. Baba ya kawo babban daro, muka zuba ruwa kaɗan, muka jera tsumma a gefensa don kada igiyar ruwan ta daki ƙarfe ta dawo. Ya kafa ƙusa biyu a jikin guntun katako, tsakaninsu faɗin yatsa uku. Idan aka riƙa taɓa ruwan da katakon a kai a kai, kowace ƙusa tana fitar da zobba masu faɗaɗa, zobban suna ratsa juna. Muka ajiye daron a bakin ƙofa inda rana ke faɗowa, hoton ruwan ya haska a silin. Sai ga wasu layuka sun miƙe daga tsakanin ƙusoshin kamar haƙarƙarin mafici, inda ruwan yake kwance kusan babu motsi, a tsakaninsu kuma ruwa na tsalle fiye da yadda ƙusa ɗaya za ta sa shi.

Igiya tana da tudu tana da kwari. Daga tudu zuwa tudu na gaba shi ne zango, kalmar da duk mai sauraren rediyo ya sani, wanda ya saba neman tasha a kan mita 16 ko 19 ko 25 a gajeren zango. Haske da igiyar rediyo dangi ɗaya ne, gudunsu ɗaya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Bambancinsu tsawon zango: na rediyon nan ana auna shi da mita, na hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Inda tudun wannan igiya ya faɗa kan tudun waccan, sai su yi tudu mai ninki biyu. Inda tudu ya faɗa cikin kwari, sai su cike juna, wuri ya kwanta.

Sai na cire ƙusoshin, na sa ɗalibai biyu kowa ya riƙa taɓa ruwan da yatsarsa yadda ya ga dama. Layukan nan suka ɓace, ruwa ya zama hargitsi.

A nan ne amsar tambayar tocila ta fito, kuma 'yan matan ajin ne suka ba ni misalin da ya fi nawa. Wata ta ce kamar lugude ne. Mata biyu a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, muddin sun riƙe kiɗan za ka iya faɗin lokacin da kowace za ta sauka. Idan kowace na daka nata ba ta sauraren 'yar'uwarta, babu wani tsari da zai tsaya. Ƙusa biyu a katako ɗaya dole su yi taki ɗaya. Tocila biyu kuwa kowace tana fitar da haske daga ɗimbin ƙwayoyin zarra da ba su san da juna ba, takinsu na sauyawa sau da yawa a cikin ƙiftawar ido. Jan haske yana kaɗawa kusan sau tiriliyan 460 a daƙiƙa ɗaya. Ko da duhu ya samu a wani wuri a bango, kafin ido ya kama shi ya riga ya koma wani wurin, abin da ke isa ga ido shi ne matsakaicin duka, wato haske shimfiɗe. Ƙari a kan haka, farin hasken tocila cakuɗe ne na launuka, kowane da nasa zango, kowane da inda ratsinsa zai faɗa.

Wani yaro ya ce to a sayo leza biyu. Na ce masa ko biyun daga kwali ɗaya suka fito, irin waɗannan na kasuwa ba za su riƙe taki ɗaya ba. Dabarar ita ce a ɗauki haske ɗaya a raba shi biyu, ya bi hanya biyu, sannan ya sake haɗuwa da kansa.

Baƙin hayaƙi da reza biyu

Matsalar da ta rage ita ce yadda za a yi tsaga biyu da ke kusa da juna fiye da abin da hannu zai iya yankawa. Baba ya ɗauko 'yan siraran gilasan da masu nazarin halittu ke ɗora abu a kansu su duba a madubin ƙara girma. Muka kunna kyandir, muka riƙa gitta gilashi ta saman harshen wutar har ya yi baƙi ƙirin, ba a ganin rana ta cikinsa. Biyu sun tsage saboda zafi kafin mu gane cewa ba a tsayar da hannu wuri ɗaya. Sannan aka haɗa sababbin reza biyu gefe da gefe, aka matse su da yatsu, aka ja kusurwarsu sau ɗaya a kan baƙin hayaƙin, da rula a matsayin jagora.

Abin da ya sa na zaɓi reza shi ne kaifinta yana tsakiyar kaurinta. Idan biyu suka manne, tazarar da ke tsakanin kaifi da kaifi daidai take da kaurin reza ɗaya. Muna da ma'aunin kauri mai murɗi guda ɗaya a ɗakin. Muka tara reza 10 muka auna, suka ba da milimita 1.0, ke nan kowace milimita 0.10. Da ido ba za ka ce layi biyu ba ne, sai ka ɗaga gilashin sama ka ƙura masa ido sosai.

Mun ɓata gilashi kusan goma. Wani an danna da ƙarfi baƙin ya ɓare, wani rezar ta buɗe a tsakiyar ja. Uku suka yi kyau.

Ranar gwajin muka ƙara barguna a kan tabarmin tagogi, muka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Na dasa lezar a cikin curin yumɓu a kan tebur, na ɗaure maɓallinta da roba don kada hannu ya girgiza ta, na dasa gilashin a wani curin a gabanta. Kafin in kunna na ja kunnen kowa cewa ba a haska ta a idon mutum, ba a kuma leƙa cikinta, kuma kowa ya tsaya a bayan tebur. Muka auna mita 3 daidai zuwa bango da awon tela, muka manna farar takarda. Ƙurar hunturu da ke yawo a ɗakin ta sa ana ganin siririn zaren ja daga bakin lezar zuwa gilashin.

Minti na farko ba a ga komai ba, ido bai saba da duhun ba. Sai wani a gaba ya ce, "Ga su nan!" A kan takardar akwai tabo ja guda biyar a jere daga hagu zuwa dama, na tsakiya ya fi haske, na gefe suna dusashewa, tsakanin kowane biyu akwai baƙi sosai, kamar ratsin saƙi. Ɗalibai sun haura hamsin, sai da muka sa su zuwa biyar-biyar. Wasu sun shafa takardar da hannu don su tabbatar ba zane aka yi a kanta ba, ratsin ya hau bayan hannunsu.

Bayanin inda kowane ratsi ya faɗa ya zo da sauƙi tunda sun ga daro. Tsaga mai ƙanƙanta irin wannan ba ta barin haske ya wuce a miƙe, bazuwa yake yi bayan ya fita, shi ya sa hasken tsaga biyun ke hawa kan juna a bango. Tsakiyar takarda nisanta ɗaya daga kowace tsaga, igiyoyin biyu suna isowa tudu da tudu, sai haske. Matsa gefe kaɗan, hanyar ɗaya ta fi ta ɗayar tsawo da rabin zango, nanomita 325 kacal, tudu ya faɗa cikin kwari, sai duhu. Ƙara matsawa har bambancin ya cika zango guda, haske ya dawo. Haka abin ke tafiya.

Gilashin da ya lalace

Yarinyar da ta tayar da maganar ba ta gamsu ba tukuna, kuma ina ganin tana da hujja. Ta ce, "Malam, wa ya sani ko wannan baƙin inuwar hayaƙin da ke tsakanin tsagar ce?"

Amsar da ta dace ita ce a toshe tsaga ɗaya a ga abin da zai faru. To amma yaya za ka toshe ɗaya ka bar ɗaya alhali tsakaninsu kashi ɗaya cikin goma na milimita ne? Na gwada turo bakin reza daga gefe, hannuna ya rufe biyun gaba ɗaya. Ina cikin wannan sai Baba, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, ɗauko wanda muka ajiye jiya, wanda ka ce ya ɓaci. Ai reza ɗaya ba ta ci ba daga ƙasa."

Haka ne kuwa. A wannan gilashin reza ɗaya ta ɗaga kafin a kai ƙarshen ja, saboda haka rabinsa na sama tsaga biyu ne, na ƙasa tsaga ɗaya. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, kawo shi." Muka dasa shi, hasken na bin rabin sama, ratsi ya fito. Na kira yarinyar na ba ta fensir, na ce ta sa ɗigo a tsakiyar wani ratsin duhu ta bar yatsarta a wurin. Sannan na ɗaga gilashin a hankali har hasken ya koma inda tsaga ɗaya ce. Ratsin duka suka narke suka zama shimfiɗar ja guda ɗaya mai rauni, kan yatsarta da ke cikin duhu ya yi ja. Na sauke gilashin, duhu ya dawo kan yatsar. Sau huɗu muka yi.

Wannan shi ne zuciyar lamarin a wurina. An rage ƙofar haske ɗaya, wurin da ke duhu ya haskaka. An ƙara ƙofa, ya yi duhu. Inuwa ba ta yin haka. Idan haske tsakuwoyi ne da ake jifa a miƙe, buɗe ƙofa ta biyu ba zai taɓa hana wani wuri samun abin da yake samu daga ta farko ba.

Ba ta cire yatsar ba ta sake tambaya: "To hasken da ya mutu a nan, ina ya tafi?"

Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin ita ce ke nuna mutum ya fara tunani da abin. Bai mutu ba, wuri ya sauya. Inda igiyoyi biyu suka haɗu tudu da tudu, tsayinsu ya ninka biyu, ƙarfin haske kuwa yana bin tsayin ne idan an ninka shi da kansa, saboda haka ratsin haske ya ninka na tsaga ɗaya sau huɗu. Huɗu a nan, sifiri a can, idan aka raba daidai biyu ne a ko'ina, wato abin da tsaga biyu suka shigo da shi ba ragi ba ƙari. Tocila biyu suna shimfiɗa biyun nan ko'ina. Haske mai taki ɗaya yana tattara shi a wasu wurare ya bar wasu fayau.

Na ba su labarin cewa irin wannan toshewa ita ce hujjar Thomas Young, likitan Ingila da ya gabatar da gwajinsa a gaban ƙungiyar masana ta Landan a watan Nuwamba na 1803. Ba shi da leza, ba a ƙera ta ba sai 1960. Hasken rana ya shigo da shi ta hudar allura, ya gitta siririn kati a tsakiyarsa, ya ga ratsi a cikin inuwar katin, da ya tare hasken da ke bin gefe ɗaya sai ratsin ya ɓace. A lokacin ra'ayin Newton ne ke da rinjaye a Ingila, cewa haske ƙananan ƙwayoyi ne, kuma Young ya sha suka. Sai da Fresnel na Faransa ya kawo cikakken lissafi a 1818 aka fara sallamawa. Wani masanin lissafi mai suna Poisson ya duba lissafin ya ce idan gaskiya ne, dole a sami ɗigon haske a tsakiyar inuwar abu mai da'ira, yana ganin wannan ya isa ya rushe maganar. Wani masanin kuma, Arago, ya gwada, ya sami ɗigon.

Awo

A mako na uku muka auna. Na hana su auna ratsi ɗaya, domin gefensa ba shi da kaifi. Suka sa ɗigo a tsakiyar tabo na farko da na biyar, aka kunna fitila, aka sa rula: santimita 7.6. Tazara huɗu ce a tsakani, ke nan kowace santimita 1.9. Aka juya lissafin don neman zango: santimita 1.9 sau milimita 0.10, a raba da mita 3. Ya ba da nanomita 633. A jikin lezar an rubuta 650. Bambancin bai kai kashi 3 cikin 100 ba.

Na tsaya a kan wannan bambanci maimakon in wuce shi. Nisan bango mun san shi da kyau, kuskuren santimita ɗaya cikin 300 ba komai ba ne. Awon rula ma an rage kuskurensa da aka haɗa tazara huɗu. Inda rauni yake shi ne tazarar tsaga biyun. Idan rezar ta buɗe da kashi 3 cikin 1000 na milimita lokacin ja, ya isa ya kawo duk bambancin. Ɗalibai da rular katako da awon tela sun auna abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, kuma sun san ta inda kuskurensu ya shigo. Young ma ya auna zangon haske a zamaninsa: kusan kashi ɗaya cikin 36,000 na inci ga jan haske, ɗaya cikin 60,000 ga mai launin shuni, alƙaluman da ke kusa da abin da aka sani yau.

Daga nan muka juya gwajin ya zama ma'auni. Silin gashi idan aka gitta shi a gaban leza shi ma yana ba da ratsi, domin haske na bin gefensa biyu, kuma shi ne ya fi kama da katin Young. Aka miƙe gashi a kan hudar kwali aka manne bakinsa biyu. Tsakanin duhu da duhu na gaba ya zo santimita 2.6, wanda ya nuna kaurin milimita 0.075. Rukuni na biyu suka auna gashin nan dai suka sami kusan 0.06, gardama ta tashi kan wa ya yi kuskure. Babu wanda ya yi. Gashi mai murɗewa irin namu ba zagayayye ba ne, yana da ɗan faɗi ta wani gefen, kaurin da haske ke gani ya danganta da yadda aka kwantar da shi. Wani yaro da ake kiwon doki a gidansu don hawan Sallah ya kawo silin gashin wutsiya. Kafin a kunna na tambayi aji ko ratsinsa zai fi faɗi ko zai fi matsewa. Mafi yawa suka ce zai fi faɗi tunda gashin ya fi kauri. Ya fito a matse, wajen santimita 1.1, kauri kusan milimita 0.18. Abu mai kauri yana matse ratsi, siriri yana baza shi, kuma wannan ne ainihin abin da ya kayar da ni a gwajin kwali.

Bayan wannan sai suka fara kawo rahoton abin da suke gani a gari. Launukan da ke shawagi a kan ruwan da baƙin mai ya zuba a ciki a bakin garejin bakanike: haske ne da ya dawo daga saman siririn man da wanda ya dawo daga ƙasansa suke haɗuwa, kaurin man a kowane wuri shi ke zaɓar launin da zai ƙarfafa da wanda zai mutu. Haka kumfar sabulu, haka wuyan tantabara da ke sauyawa daga kore zuwa shuni idan ta juya, haka ɗan koren da ke walƙiya a gilashin wasu tabarau, inda aka shafa siririn rufi da gangan don hasken da ke dawowa ya kashe kansa. Na ƙara musu da cewa da wannan ka'ida ce na'urar LIGO a Amurka, mai hannu biyu kowane kilomita 4, ta gano girgizar sararin samaniya a ranar 14 ga Satumba 2015.

Akwai abin da ban iya warware musu ba a wannan aji, kuma na faɗa musu haka. Wani ɗalibi da ya leƙa littafin aji shida ya ce a can an rubuta haske ƙwayoyi ne, Einstein ya nuna haka a 1905. Na ce duka biyun suna nan. A 1909 wani masani a Ingila, G. I. Taylor, ya rage haske har ya yi rauni matuƙa, ya bar farantin hoto na kusan wata uku a bayan inuwar allura, ratsin ya fito yadda yake fitowa da haske mai ƙarfi. Haske yana sauka ɗigo-ɗigo, amma igiya ce ke faɗin inda ɗigon zai iya sauka da inda ba zai sauka ba. Na bar maganar a nan zuwa baɗi.

Gilasan ba sa daɗewa, baƙin hayaƙin yana ɓarewa da an taɓa shi. Baba ya jera su a tsaye cikin gwangwanin madara, ya ware mai tsaga ɗaya da rabi daban ya naɗe bakin gwangwaninsa da leda. A mako na ƙarshe wani abokin aikina ya ara mana leza kore, mai nanomita 532. Kafin a kunna na ce kowa ya rubuta tazarar da yake tsammani. Yawancinsu suka sa milimita 0.10 a lissafi suka sami santimita 1.6. Yarinyar nan ba ta yi amfani da kaurin reza ba ko kaɗan. Ta ce tunda shi ne abin da ba mu tabbatar ba, gara a bar shi: gilashi ɗaya ne, bango ɗaya ne, ja ya ba da 1.9, saboda haka kore zai ba da 1.9 sau 532 a raba da 650. Ta rubuta 1.56 a allo, ta je ta manna sabuwar takarda da kanta. Aka rufe ƙofa, aka sa ɗigo a tabo na farko da na biyar, aka kunna fitila. Rula ta nuna santimita 6.2, wato 1.55 kowace tazara.